Finjalin da Jumare Ya Cika

Laifina ne, ni Tasallah, kuma na faɗa wa kowa a gidan nan. Shekarata talatin da huɗu a Madina, a nan Bani Harisa na aurar da 'ya'yana na ga jikoki, amma ɗan ƙanena ya yi wata takwas yana cin tuwo a gabana ban taɓa zaunar da shi na koya masa zuba gahawa ba. Na nuna masa hanyar Harami, na nuna masa shagon da ake samun daddawa da kuka, na ja masa kunne kada ya leƙa ko ƙofar gida ba iƙama, katin izinin zama, a aljihu. Gahawa kuwa ban kawo ta a raina ba.

Jumare sunansa. Ba yaro ba ne, furfura ta fara masa a gemu, 'ya'yansa biyar suna Katsina da uwarsu. Shekara ashirin yana sana'ar shayi a bakin tasha, sannan ya sayar da teburin ya taho nan. Ya samu shugul, wato aiki, a kicin ɗin wani babban gidan saukar baƙi can gaba da Bi'ir Ali, bayan iyakar Harami, inda wanda ba Musulmi ba ma yana iya sauka. Shi ke wanke tukwane, shi ke dafa shayin ma'aikata. Lokacin da abin nan ya faru saura mako biyu iƙamarsa ta ƙare, kamfani kuma ya yi alkawarin sabunta masa.

To a gidan baƙin nan aka kawo wani taro mai nauyi. Wata ƙasa ce can bayan duwatsu, mai tsananin sanyi, ba sai na kama sunanta ba. Ta tara makaman nukiliya, irin waɗanda guda ɗaya ke share gari, amma ba ta da man da za ta kunna wa mutanenta wuta. Manyan ƙasashe suka ce ta kwance makaman ta miƙa, su kuma su ba ta mai da gas, su gina mata tashoshin lantarki. Kowa ya yarda da wannan a baki. Inda aka maƙale shi ne wa zai fara. Waɗannan sun ce sai an buɗe wa masu bincike rumbunan makamai, wancan ya ce sai ya ga jiragen mai. Aka sa wani dattijon Balarabe ya zauna tsakani. Kwana takwas ana shiga ana fita, ba abin da ya motsa.

Ni duk wannan a bakin jikata Afnan nake ji. A nan aka haife ta, malamar jinya ce, in na yi mata Hausa ta mayar mini da Larabci. Kullum in ta dawo daga aiki sai ta buɗe jawwal, wayarta ta hannu, ta karanta mini labarin taron, ni kuwa in ce, “Allah ya daidaita su, ni dai a bar mini Jumare ya wanke tukwanensa.”

Rana ta tara, ko la'asar ba a kira ba, sai ga Jumare ya turo ƙofa. Ba hula a kansa, ba katin aiki a wuyansa. Ya zauna a tabarma bai ko cire takalmi daidai ba.

Na ce, “Lafiya? Yau da rana tsaka haka?”

Ya ce, “Gwaggo, sun karɓe katina. Mudir, manajanmu, ya ce in je gida in jira, wai na kunyata su a gaban duniya.”

“Tukunya ka fasa?”

“Gahawa na zuba.”

A hankali na tatsi labarin. Ashe Osman, mutumin Sudan da ke zuba wa manyan baƙi gahawa, zazzaɓi ne ya kayar da shi da safe. Masu tsaro kuma suka ce ba a shigo da baƙon ma'aikaci, sai wanda aka riga aka tantance. Mudir ya duba ya duba, ya ce ai ga wanda ya shekara ashirin yana shayi. Aka sa wa Jumare farar riga, aka miƙa masa dalla, butar gahawar nan mai dogon baki.

Ya ce, “Na sha kallon Osman, Gwaggo. Dalla a hagu, finjali a dama, a tsaye ake zubawa. Duk na yi. Sai da na zo kan shugaban mutanen ƙasar sanyin nan. Tsoho ne, duk ya rame, faranti yake komawa kicin yadda aka kai masa. Na ce a raina wannan bawan Allah ɗan ɗigon nan me zai yi masa? Sai na cika masa fal.”

Na dafe ƙirji. Afnan da ke ƙofar ɗaki ta saki jakarta ta ce, “Ya sater! Ammu, ka cika?”

Ya ce, “Yo ba mutunci ba ne? Ni a teburina in babban mutum ya zo har sai ya zubo a faranti. Wannan ɗigon da Osman ke yi ai na ɗauka rowar kamfani ce.”

Na ce, “Kai Jumare, kai Jumare. A ƙasar nan kashi ɗaya cikin uku ake zubawa, don baƙo ya daɗe ana ƙara masa. In ka cika wa mutum finjali, ka ce masa sha ka tashi ka ba mu wuri.”

 Ya ce, “Shi ya sa ɗakin ya yi tsit. Tsohon ya karɓa, ya ajiye a tebur bai kurɓa ba. Ni dai ban ankara ba na ji an kama gwiwar hannuna an yi waje da ni.”

Afnan ta ce da Larabcinta, wai mutanen da ke neman dalilin tashi, ga shi an ba su a finjali. Na ce ta rufe mana baki. Amma ni ma abin da ke raina ke nan. In taron ya watse, a kan wa za a sauke? Ba a kan masu manyan riguna ba. Takardar fita ta dindindin za a buga wa Jumare, ya koma Katsina ba shugul, ba teburin shayi.

Kwana biyu muka yi a haka. Na yi masa miyar kuka bai ci ba. Matarsa Zaituna ta kira, ya ce mata hutu aka ba shi, ni kuwa na kau da kai kamar ban ji ba. Na ja shi muka je Harami bayan sallar asuba, muka zauna har rana ta ɗaga, manyan lemomin inuwa na harabar masallacin suka buɗe a kanmu. A hanyar dawowa ya ce, “Gwaggo, in sun yi yaƙi fa saboda ni?” Na ce, “Kai ka cika ɗaukar kanka da girma. Mutanen da suka shekara ashirin suna ƙera bam ba su jira shayinka ba.” Ya ɗan yi dariya.

Rana ta uku da hantsi ina tsince shinkafa, Afnan ta kira daga wurin aiki tana ihu, “Jadda, kunna talabijin! Waƙƙa'u! Sun sa hannu!” Na kunna. Ga tsohon nan ramamme, ga dattijon Balarabe a tsakiya, ana musabaha. Mai labarai ya ce ranar da jirgin mai na farko zai tsaya a tashar ruwansu, ranar masu bincike za su shiga rumbun farko, haka za a yi ta tafiya ɗaya bayan ɗaya har a gama. Jumare ya ɗaga hannu ya ce alhamdu lillahi ya fi sau goma. Bai sauke ba wayarsa ta yi ƙara. Mudir ne, ya ce ya zo yanzu yanzu, dattijon ne da kansa ke nemansa.

Ya ce, “Shi ke nan, Gwaggo, sun gama da manya sun juyo kaina.”

Na ce, “Sa hularka. Ko korar ka za a yi, kada a kore ka da kai a buɗe.”

Bayan azahar ya dawo, Osman na biye da shi, ya warware sai ɗan tari. Tun daga ƙofa na hango katin yana lilo a wuyan Jumare. Na zauna a kan buhun shinkafa.

Osman ya ce, “Hajiya, wannan ɗan naki zai kashe ni. Kwana ɗaya na kwanta, ya kusa tayar da duniya, sannan a ba shi kyautar agogo!”

Na ce, “Ku zauna ku yi mini dalla-dalla.”

Jumare ya ce da aka shigar da shi dattijon yana zaune shi kaɗai da tafinta. Ya tambaye shi daga ina, ya ce Katsina. Ya ce a Katsina haka ake cikawa? Jumare ya ce i, ga wanda ake girmamawa. Dattijon ya yi dariya har ya share ido, sannan ya ba shi labarin abin da ya faru bayan an fitar da shi.

Finjali ba shi da mariƙi, in an cika shi ba ya riƙuwa don zafi. Shi ya sa tsohon ya ajiye. To a al'adar mutanen dattijon, in baƙo ya ajiye gahawa bai sha ba, yana da buƙata ke nan, kuma mai gida ba ya barin a tashi sai ya ji ta. Dattijon ya miƙe ya ce, “Baƙona ya ajiye gahawata. Ba mai fita daga ɗakin nan sai ya faɗi abin da ke ransa.” Tafinta ya bayyana wa tsohon al'adar. Tsohon ya dubi finjalin. Sannan ya ture takardunsa gefe ya ce saura mako shida sanyi ya sauka a ƙasarsa, bara jarirai sun mutu a asibitoci don ba wuta, shi ba zai koma ya ce wa mutanensa ya miƙa komai ya dawo da alkawari a takarda ba. A ba shi jirgi ɗaya da ido zai gani, ya buɗe rumbu ɗaya a ranar. Kwana tara girman kai ya hana shi faɗin haka a fili, ya yi ta zagaye da sharuɗɗa. Daga nan aka fara maganar gaskiya.

Na ce, “To shi dattijon bai san zafi ne ya sa ya ajiye ba?”

Jumare ya ce, “Na tambaye shi, Gwaggo. Ya ce ya ga tsohon yana hura yatsu a ƙarƙashin tebur. Amma wai kwana tara yana neman hanyar da zai sa mutumin ya roƙa ba tare da ya ji kunya ba, sai ga ni da dalla.”

Osman ya ce, “Ka faɗa mata sauran mana.”

“Ya ce wa mudir a sabunta mini iƙama a makon nan. Kuma ya ce a koya mini zubawa, don ba kullum ake dacewa ba.”

Na ce, “Wannan kam ba sai an wahalar da kamfani ba.” Na tashi na ɗora ruwa, na daka hel, ɗan ƙamshin da ake sa wa gahawa, na ciro dallar marigayi mijina daga kabad. Afnan ta dawo ta tarar da mu, Osman a zaune ya harɗe kamar wani minista, Jumare a tsaye a kansa. Ya zuba na farko ya wuce rabi, na buge masa hannu. Ya zuba na biyu, Osman ya leƙa ya ce har yanzu korarsa ake yi. A na huɗu ne ya samu daidai. Ya tsaya yana kallon ɗan ruwan a gindin finjali, ya girgiza kai ya ce, “Wallahi Gwaggo, ni dai har yanzu kunya nake ji in miƙa wa mutum wannan.”

Na ce, “Miƙa masa. In ka ƙosa ka cika, ga kofin shayina can, kira Zaituna ka faɗa mata gaskiya tukuna, sannan ka zo ka cika mini har ya zubo.”