Hanya ta Biyar a Haƙorin Batul

Ranar da haƙorin matata Batul ya daina ciwo, ranar na fara rasa ta. Talata ce, a ƙarshen daminar shekarar da yaƙi ya koro mu daga Omdurman.

Mun dawo Gadarif da akwati ɗaya da maganin sukarinta. Littattafan da na tara tun ina sabon malamin tarihi na baro su can. Wani maƙwabci ya ce masu bindiga sun hura wutar shayi da su. Aƙalla sun amfani wani. Ƙaninta Daudu ya ba mu ɗaki a bayan gidansa. Shi wakili ne a wata gonar riɗi a Simsim, mutum mai kirki wanda yake son a lura da kirkinsa.

Haƙorin turmi ne na sama, ɓangaren hagu. Ta gwada kanumfari, ta gwada ruwan gishiri, har ta kai ko kisra, fallen wainar dawan nan mai laushi, ba ta iya taunawa. Na kai ta wurin Dakta Elnour, wanda shi ma yaƙin ne ya koro shi daga Khartoum, ya buɗe asibitinsa a wani shago bayan kasuwar hatsi. Kujerarsa tsohuwa ce, na'urar ɗaukar hotonsa kuma sai an lallashi janareta.

Ya ce abu biyu ne: ko a cire, ko a kashe jijiyar a toshe.

"Ba za a cire ba," in ji Batul, tana dafe da kunci. "Gida ya tafi, gado ya tafi, tukwanena sun tafi. Wannan nawa ne. Ba zan bar shi a kwanon tasa ba."

Likitan ya yi mana bayani. Irin wannan haƙori saiwa uku gare shi, cikin saiwoyin kuma akwai hanyoyi sirara kamar gashi, nan jijiya take kwance. Wani na da uku, wani huɗu. Dole a nemo kowacce, a wanke, a toshe. Wadda aka bari, cikinta ruɓa zai zauna.

Ya daɗe a kanta da ƴan allurai masu kaifi. Ya samo huɗu. Sannan ya ɗaga hoton ga hasken ƙofa, ya tsuke baki.

"Akwai wata inuwa a saiwar da ke wajen ganɗa. Ban gane ta ba. Zan tura wa malamina a Masar ya duba. Ya Hajja, wannan ciko na wucin gadi ne, aikin bai ƙare ba. Kada ki yi nisa."

Da yamma ta ci asida da miyar kuɓewa, ta ƙara, ta tauna busasshen dabino a gabana don in gani.

A makon ne riɗin Simsim ya nuna. Wanda bai san riɗi ba, ba zai gane haukar da ke kama garin nan ba. Da zarar ya yi rawaya, in ba a yanke ba, kwanson ya fashe, ƙwayar ta zube ƙasa, noman shekara ya zama abincin tururuwa. Daudu ya cika lori da lebura, amma mai dafa musu abinci ta gudu.

"Zan je," in ji Batul.

"Dakta ya ce kada ki yi nisa."

"Dakta ya ce, littafi ya ce. Kai me ka ce, ya Ustaz?"

"Na ce kada ki je."

"To haƙorin ya ce khalas, ciwo ya ƙare."

Daudu ya yi dariya. "Ustaz, mu a kambo, sansaninmu na gona, wanda ya daina riƙe kunci lauje muke miƙa masa. Ka bar Yaya ta sha iska. Ko tsoron dafa wa kanka shayi kake?"

Na ce musu jijiyar da aka kashe ba ta jin ciwo, don haka shirun haƙorin ba lafiya ba ne. Na yi bayani kamar ina aji, suka saurare ni kamar ƴan aji. Da Daudu ya fita, ta rage murya, ta kira sunana, ta ce, "Mijinyawa, na gaji da karɓar kwano daga hannun matar ƙanina ina cewa shukran." Da safe ta hau gaban lori da ludayi a jaka.

An kwana biyu, Dakta Elnour ya tare ni a bakin masallaci, fuskarsa na walƙiya kamar an yi masa haihuwa. Ya ja ni inuwa, ya buɗe waya, ya faɗaɗa hoton da yatsu.

"Dubi nan, ya Ustaz. Saiwar ta rabu biyu a ƙasa. Hanya ta biyar! Wallahi a littafi kawai na taɓa gani. Malamina ya ce shi ma sau ɗaya ya gani. Ka kawo Hajja gobe."

"Tana Simsim."

Murmushin ya sauka. "Tun yaushe? Tana shan maganin sukarin? Cikon yana nan?"

Na ce ban sani ba. A kambo waya ba ta shiga sai mutum ya hau saman tankin ruwa, Batul kuwa ba ta hawa tanki don ta gaisa da miji.

"Ba gobe ba," in ji shi. "Yau."

Na sami lorin da ke ɗaukar buhunan wofi. Sai ga ruwan sama na bayan damina, wanda ba mai so, ya sauka a kan baƙar ƙasar nan da ke komawa kamar danƙo. Muka maƙale, muka tura, muka sake maƙalewa. Ban ji tsoro sosai ba, gaskiya. Na zauna kan buhuna ina shirya abin da zan faɗa mata in na sauka. Aurenmu duka da tsokana muka yi shi, ita ta harba, ni in rama, ban saba faɗa mata magana mai daɗi a miƙe ba. Na juya jimlar, na rage, na ƙara, har ta zauna daidai.

Washegari da hantsi na isa. Lebura na can cikin gona, tsibin riɗi a tsaye jere har inda ido ya ƙare. Batul tana kwance a rumfar ciyawa kusa da murhu. Kuncinta ya kumbura ya haɗiye idon hagu, fatar ta yi sheƙi, jikinta kamar tukunyar da aka sauke yanzu. A tsakiyar kumburin akwai tabon ƙuna. Wani wanzami cikin leburan ya yi mata sakiya.

"Mun ɗauka wani ƙwaro ne ya cije ta," in ji Daudu. "Na tambaye ta, wallahi na tambaye ta. Ta ce haƙorin ba ya ciwo. Har shekaranjiya tana tuƙa asida."

Ya sauke riɗi daga tirela da hannunsa, a tsakiyar yanka, abin da wakili ba ya yi. Wannan kam na yaba masa. Muka shimfiɗa ta, tarakta ta ja mu cikin laka. Na ɗora kanta a cinyata. Ta yi ta magana, amma ba da ni ba. Ta tambayi mahaifiyarta ko an rufe taga. Ta kira ni da sunan Daudu. Bayan la'asar, kafin mu hau kwalta, ta yi shiru.

Dakta Elnour ya zo ta'aziyya, ya zauna har aka watse. Ya ce ruɓan ya bi ta bayan ido ya hau kai, sukari kuma ya buɗe masa ƙofa. Bayan arba'in ya dawo yana sunkuyar da kai, yana neman izini ya buga hoton a mujallar likitoci, don wasu su koya. Ya ce za a cire sunanta. Na ce ya buga, mutuwa ta riga ta cire.

Riɗin Daudu ya yi kyau a shekarar. Har yanzu ina ɗakin bayan gidansa, ina karɓar kwano ina cewa shukran.

Abin da na shirya a kan buhunan nan ba mai tsawo ba ne. Da na sauka zan ce: Batul, likita ya ce bai taɓa ganin irin haƙorinki ba. Na so in gaya masa, ni ma duk yawon da na yi ban taɓa ganin irin mai haƙorin ba.