Salatif a Kan Lamba Uku

Shekara talatin da ɗaya Baba ya yi yana tuƙin babbar mota, kuma a faɗarsa bai taɓa lalata inji ba, ko ɗaya. Da gwiwarsa ta hagu ta gaji da taka kuloci sai ya ajiye aiki, ya sayi 'yar ƙaramar mota otomatik, irin mai canja giya da kanta. Ranar da ya kawo ta gida, kafin ma ya sha ruwa, ya yanko baƙin salatif ya manna a gilashin agogon inji, daidai kan lamba uku. Agogon nan ne mai allurar da ke hawa in an taka totur. Lambobinsa sun kai takwas, daga shida da rabi an shafa musu ja. Baba ya ce jan nan kabarin inji ne, kuma tasa motar ko rabin hanyar wurin ba za ta je ba.

Sai ciwon ido ya shigo. Yana ta rufe na dama, na hagu ma ya fara hazo. Likita ya ce a ajiye tuƙi har sai an yi aiki. Baba ya ce to, ya fito ya tuƙo kansa gida, ya kankare ƙofar maƙwabci da gefen mota, sannan ya tsaya yana faɗa wai ƙofar ce ta cika fitowa titi.

A ranar Auta ta karɓi makulli. Ita ce 'yarsa ta ƙarshe, malamar makaranta, ita kaɗai ta rage a gida, kuma shi da kansa ya koya mata tuƙi. Ya ba ta, amma da sharaɗi: ranar da allura ta haye salatif, ranar makulli zai dawo hannunsa. Auta ta san ba wasa yake ba. Makulli na biyu na nan cikin aljihun gaban rigarsa, da shi yake sallah, da shi yake kwana. In ya koma kan sitiyari da idon nan, to wani za a kwasa a titi, ko shi ko ɗan wani. Abin da ke hana ta sukuni ke nan.

Kar ka ce tunda ba ya gani sosai za a yi masa wayo. Kunne ne da shi kamar na mage. Yana zaune a gefe, inji na ɗaga murya kaɗan zai ƙwanƙwasa gaban mota da zobensa, ƙwas ƙwas, ita kuma ta ɗaga ƙafa. Haka suke tafiya, masu keke na wuce su, na baya na danna ham kamar za su cire shi. Wata uku ana wannan, har Auta ta fara jin ƙwas ƙwas ko ita kaɗai ce a motar.

Inda abin ke ba ta tsoro shi ne hanyar asibiti. Akwai wurin da ƙaramin titi ke hawa ya haɗe da babbar hanya, inda tireloli ke gudu ba ji ba gani. Dole mai shiga ya ba mota wuta ya daidaita da su. Ita kuwa da lamba uku take shiga, tana salati.

Da ta kai motar juyen baƙin mai, ta tambayi Kawu. Ƙanin mahaifiyarta ne, bakanike, garejinsa na bayan gidan mai. Kawu ya leƙa ya ga salatif, ya yi dariya har sai da ya dafa bonet. Ya ce surukin nan nasa har yanzu tirela yake tuƙawa a ransa. Babbar mota mai shan gas, in ji shi, a uku ma ta gama magana, to wannan ba ita ba ce. Wannan in kana tafiya ka taka ta har ƙasa, allura za ta hau ta kusa ja, sai mota ta canja giya da kanta kafin ta shiga, don haka aka ƙera ta. Abin da ke cin inji shi ne a tsaya wuri ɗaya ana ta zuga shi, ko a tashe shi da safe bai yi ɗumi ba a hau shi da wuta, ko a bar shi da tsohon mai. Amma taka ta sau ɗaya don ka fita daga gaban tirela, ai aikinta ke nan. Ya zaro filogi ɗaya ya nuna mata, baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, ya ce lallaɓawar ma ta yi yawa.

Auta ta roƙe shi ya zo gida ya faɗa wa Baba haka. Kawu ya goge hannu ya ce a'a, shi yana son zumuncinsa. Ta dawo ta gwada faɗa da kanta, a hankali, bayan ya ci abinci. Baba ya ce lokacin da yake hawa dutse da buhu ɗari shida a bayansa, Kawun nata ko sifana bai iya riƙewa ba. Maganar ta mutu a nan.

Ranar aikin ido suka fito da hantsi, Baba da farar riga, takardun asibiti a cinya. Suka iso mahaɗar nan. Auta ta duba madubi, ta ga tirela can nesa, ta shiga. Ashe ba nesa ba ce. Kafin ta daidaita sitiyari, gaban tirelar ya cika madubin gaba ɗaya, ham ɗinta ya cika motar. A dama ƙarfen gada, a hagu wata motar. Allura na zaune daram a ƙarƙashin salatif, ƙafar Auta kuwa ta ƙi gaba ta ƙi baya, jiran ƙwas ƙwas take yi.

Abin da ta ji daban ne. Dim! Ƙafar Baba ce ta dama ta doki daɓen mota, a gefensa inda babu totur babu birki.

"Taka ta! Har ƙasa, Auta!"

Ta taka. Motar ta sauko da giya, ta yi wata kuwwa da ba su taɓa ji ba, kujera ta tura bayansu. Allura ta tsallake salatif kamar ba ta san da shi ba, huɗu, biyar, shida, ta je bakin ja, sai ta faɗo da kanta, motar ta ci gaba da gudu sumul. Tirela ta koma ƙarama a madubi.

Suka isa asibiti. Auta ta yi fakin, ranta a ɓace. Ba tirelar ce ta dame ta yanzu ba. Ta karya sharaɗi, kuma ta san halin ubanta, abin da ya faɗa ya faɗa, ko da shi ya sa ta. Ta kashe mota, ta zare makulli, ta ɗora masa a kan takardun.

Baba bai taɓa shi ba. Ya ce ta tayar da motar. Ta tayar. Ya karkata kai yana saurare, ya daɗe, kamar likita da ƙirjin yaro. Ya ce ta duba ko wata fitila ta kama a agogo. Ta ce babu. Ya ce ta fita ta leƙa ƙasa ko mai na ɗiga. Ta leƙa, ƙasa a bushe.

"Direban nan birkinsa ba zai kama ba," in ji Baba. "Na ji nauyin kayansa tun daga ham. Ni ma na taɓa zama a kujerar nan, ƙaramar mota na rarrafe a gabana. Ina zaginsu. Ashe wata uku ni ne su."



Ya miƙa hannu yana laluben gilashin agogo, farcensa na ta kuskure wurin. Ta kama yatsan ta ɗora masa a kan salatif ɗin. Ya ɓanɓare shi, ya naɗe, ya jefa ta taga. Sannan ya sa hannu a aljihun gaba ya ciro makulli na biyu, ya ce wai ba a shiga ɗakin aiki da ƙarfe, ta riƙe masa.

Bayan sati biyu aka cire bandeji, ido ya buɗe tar, har yana karanta lambar motar maƙwabci daga ƙofar gida. Auta ta ɗauko makullin ta kai masa ɗaki. Ya dube shi, ya dube ta.

"Na wa?" ya ce. "Ki dai gaya wa Kawunki ya canja filogin nan. Kuma kar ki ce ni na ce."