Ranar da Manaja Ya Kori Dogo

Injin surfanin shagonmu tsoho ne, ya girmi wasu daga cikin masu ɗinki a gefensa. Manhajar da ke tuƙa shi ta ƙi zama a sabuwar kwamfuta, shi ya sa mai gyara ta gina mata wata kwamfutar a cikin ta gaskiyar, kamar ɗaki a cikin ɗaki. Kullum da safe Dogo, wanda ke riƙe da injin, zai buɗe wata taga a allo, ya tada ta cikin, sai allurai su kama aiki.

Ran nan taga ta buɗe, amma wayam. Sai wani jan rubutu da ke cewa an kasa haɗuwa. Ga bajon rigunan 'yan makaranta jibge a teburina, tun jiya na yanka, surfani kawai suke jira.

Dogo ya kashe ya kunna. Ya zare wayar injin, ya hura mata iska, ya mayar. Jan rubutu na nan daram.

Ana haka ɗan ƙanena ya shigo. Tun da ciwon ƙafa ya zaunar da ubansa a gida shi ke juya shagon, kuma shi da bakinsa ya ce a riƙa kiransa Manaja. Ko allon bai gama karantawa ba ya hau Dogo da faɗa, wai ƙwallo yake kallo a kwamfutar har ya kwaso mata cuta. Dogo ya ce rabonsa da kallon ƙwallo tun yana da gashi a ka. Telolin suka yi dariya, dariyar nan kuwa ita ta ƙara tunzura yaron.

"Ka tattara naka ya naka. Ba na aiki da mabarnaci."

Na ajiye almakashi na ce a jira mai gyara tukuna, mutum mai iyali ba a sallamarsa a kan zato.

"Baffa, wannan ba aikin yanka ba ne," in ji shi. A gaban mutane. Yaron da na goya a wuyana.

Dogo ya ɗauki jakarsa ya koma bakin ƙofa ya tsaya, bai shiga ba, bai tafi ba.

Da mai gyara ta zo, ba ta saurari kowa ba, ta ja kujera. Ta fara duba abin da ke aiki a ɓoye, wanda tagar ke magana da shi, ta tarar yana raye. Ta tsayar da shi ta sake tayarwa, ba canji. Ta duba ko an goge kwamfutar ta ciki, tana nan lafiya lau. Manaja na tsaye a kanta yana ta maimaita zancen cuta, har ta ce ya matsa yana tare mata haske.

Can ta ɗaga kai ta kalli saman allon. Ta ce ita a saninta da sunan shago ake shiga kwamfutar nan, wannan sabon sunan daga ina? Da ƙyar Manaja ya ce shi ya buɗe wa Dogo nasa daban jiya da yamma, don kada ma'aikaci ya riƙa leƙen abubuwan ofis.

Ta fita daga sabon sunan, ta shiga da tsohon. Taga ta cika nan take.

Ta ce manhajar ba ta kula kowa sai wanda aka sa a ƙungiyarta, sabon sunan kuwa ba a sa shi ba. Ta sa shi, ta fita, ta sake shiga da shi, injin ya yi ƙara ya tashi.

"To ai shi ke nan," in ji Manaja. "Dogo, koma bakin aikinka."

Raina ya ɓaci. Na ce masa a gaban jama'a ya kira bawan Allah mabarnaci, a gabansu zai janye. Ya dube ni, ya dubi telolin, sai ya kara waya a kunne ya fice, alhali ba wanda ya kira shi.

Dogo ya zauna ya yi surfanin bajon nan kaf, ya yanke zare, ya jera su a teburina. Sannan ya rataya jaka. Na bi shi har titi ina ba shi haƙuri da sunan ƙanena, uban Manaja.

"Baffa, kai ba ka yi min komai ba. Amma gobe in allura ta karye, wa za a ce?"

Yanzu yana shagon da ke bayan tasha. Injinmu kuwa Manaja ne a kansa, yana tsinka zare yana zagin kwamfuta.