Kabejin Gidan Baba Kalman

Ina da wani ɗan hali, na sani: ba na iya jin an murɗe tarihi in yi shiru. Na tsufa ina koyar da shi a sakandaren garinmu, yara na hamma, ni ina kumfar baki. Bana ma an rage mini lokaci an ƙara wa darasin kwamfuta, wai tarihi ba ya kawo aiki. Shi ya sa ranar da za mu cin abinci gidan su Levente, saurayin 'yata Ilinca, matata Dorina ta tare ni a bakin ƙofa.

"Baban Ilinca, yau aikin bakinka ɗaya ne, tauna."

"Ni yaro ne?"

"Da yaro ne ai da sauƙi. Tsohon nan in bai sa albarka ba, Levente ba zai yi auren ba, kai ma ka sani."

Na sani. Mu Romaniyawa ne, su Hungariyawa. Garinmu ɗaya, koginmu ɗaya, amma coci biyu, maƙabarta biyu. Kakan Levente, Baba Kalman, shi ya raini yaron, kuma tun da aka fara maganar auren bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Na yi ƙoƙari, Allah ya gani. Tsoho ya kira babban birninmu da sunan da Hungariyawa ke kiransa, na haɗiye da romo. Ya nuna tsohuwar taswira a bango, wadda ƙasarsu ta haɗiye rabin tamu, na ce katakon da aka kewaye ta da shi yana da kyau. Sai aka kawo naɗin kabeji da nama.

"Ci, Malam," in ji shi. "Abincinmu ne. A wurinmu kuka koya, tare da riƙe cokali."

Dorina ta taka mini ƙafa. Ta makara.

Na ce, "Baba, Turkawa ne suka kawo shi. Mu da ku duk a tukunyarsu muka leƙa."

"Au! Ashe da baki! Mun yi shekara dubu a ƙasar nan kafin ku gangaro daga duwatsu da tumakinku."

"To da kuka iso a kan dawakai, wa kuka tambaya hanya?"

Cokula suka tsaya. Ilinca ta ce, "Baba, don Allah," ban ma waiwaye ta ba. Tsoho ya buga tebur, ya ce bayan yaƙin duniya na farko an kwana Hungariya an tashi Romaniya, ba wanda ya tambayi ubansa, aka ƙwace gonarsu, aka rufe makarantarsu. Na ce da iyaka ta sake juyawa a yaƙi na biyu, 'yan sandansu sun karya wa kakana haƙarƙari don ya yi gaisuwa da harshenmu a kasuwa. Ya ce bai taɓa ji ba. Na ce ai ba za ka ji ba, mu ma ba a ba mu labarin gonarku ba. Kowa ciwonsa kaɗai kakarsa ta nuna masa.

Nan Levente ya ga dama ya yi sulhu. Yaron kirki ne, injiniya, amma da ya ci gaba da tauna.

"Kaka, Baba, ba duk ya wuce ba? Wa ya damu da wannan yanzu?"

Ni da tsoho muka juya tare.

"Ya wuce?" na ce. "Gidan rawaya na bakin gada, inda kake sayen katin waya, na waye a da?"

Ya ɗaga kafaɗa.

"Na Weisz ne, mai gyaran agogo," in ji tsoho, muryarsa ta sauka. "Bayahude. Ina ƙarami, lokacin yaƙi na biyu, aka loda su a keken doki, shi da matarsa da 'yan matansa, ba su sake dawowa ba. Unguwa ta fito kallo. Mutanenku da namu, Malam, ranar ba mu yi gardama ba."

Raina ya ɓaci yadda bai ɓaci a kan kabeji ba. Na ce wa yaron, ka ga abin da nake ta faɗa a aji ana barci. A nahiyar nan ba abin da ke wucewa, kwanciya yake yi. Manya su zauna a wani birni mai nisa su ja layi, da safe maƙwabcinka ya zama baƙo. Sarki ya faɗi, wani ya hau ya ce shi ne na ƙarshe. In abinci ya yi tsada a nemo wanda cocinsa daban a ɗora masa. An yi haka da harshen Latin, an yi da Jamusanci, an yi da Rashanci, kuma duk lokacin akwai wani saurayi mai hankali da ya ce ai ya wuce.

"Jaki ne," in ji tsoho. "Ni na raine shi, amma jaki ne." Ya tsiyaya mini barasar da yake dafawa da kansa. "Kai ma rabin abin da ka sani ƙarya ne, Malam, amma gara kai. Su yi aurensu. Sharaɗina, duk Lahadi ka zo in gyara maka karatunka. In sun haihu, ni da kai za mu zaunar da yaron, ya ji duka biyun."

"Da wane harshe?" na ce.

Dorina ta sake taka ni, wannan karon da dunduniya.

An ɗaura aure a lokacin kaka. Lahadi kuwa ban taɓa fashi ba, har yau muna kan maganar harshen, ni ina ta tanadin taswirori, shi yana ta tuno sunayen matattu. Jikan namu can ƙasar waje, a birnin Dublin, aka haife shi. Turanci kaɗai yake ji.