Kilomita Uku Ta Kan Ruwa

Shekara tara muna koyarwa a sakandare ɗaya ni da Terkimbi, bango kawai ya raba ajinsa da nawa. Ni Turanci, shi fiziks. Shi ne babban abokin ango ranar aurena, kuma da mijina ya rasu yana cikin waɗanda suka ɗauki akwatin gawar. Shi ya sa nake ce masa Yaya.

Ina zaune ne a ƙetaren kogin Katsina-Ala tare da mahaifiyata mai ciwon ƙafa. Da rani ba wuya, minti ashirin kwalekwale ya sauke ni. Amma ruwa na cika, masu fito ke ɗaure jiragensu, sai dai in hau acaɓa in zagaya ta gada. Kilomita talatin da takwas, zuwa kaɗai.

A shekarar da nake ba da labari wani tsohon malami ya yi ritaya, gidansa na cikin makaranta ya zama ba kowa. Dokarmu tun da can, wanda ya fi kowa nisa shi ake ba. Terkimbi ne sakataren kwamitin rabon.

"Ke Ngodoo, kwantar da hankalinki," in ji shi, yana ɓare lemo. "Wa ya kai ki nisa? Sai dai in kifi ne zai shigo neman gidan."

Na yi dariya. Na koma na gaya wa Mama, har ta fara ɗaure tukwanenta a tsumma.

Ranar zaman kwamitin Terkimbi ya shigo da taswira da rula. Ya shimfiɗa ta a tebur, bai dubi inda nake ba.

"A ilimin kimiyya," in ji shi, "nisa shi ne miƙaƙƙen layi tsakanin wuri da wuri." Ya ɗora rula daga makaranta zuwa ƙauyenmu, ta ratsa tsakiyar kogi. "Malama Ngodoo, kilomita uku. Malam Aondona, sha ɗaya."

Aondona sabon malamin lissafi ne, wata shida da zuwansa. Kuma ƙanen matar Terkimbi ne.

Na miƙe. "Yaya, duk shekara ta bango nake jin ka kana gaya wa ɗalibai cewa nisa shi ne duk hanyar da ƙafa ta taka, shi kuma miƙaƙƙen layi sunansa dabam. Har faɗar da su kake yi a jarrabawa in sun haɗa biyun. Yau kuma karatun ya juye?"

Ya shiga naɗe taswira.

Shugaban makaranta, Baba Gbenda, ya gyara tabarau. "'Yata, zauna. Mu ba fanninmu ba ne, shi ne mai ilimin abin."

"To Baba, ya ba ni rular in hau ta in ƙetare."

Wasu suka yi dariya, amma da aka zo ɗaga hannu, mutum biyu ne kawai suka goyi bayana. Aka ba Aondona gidan.

Bayan an watse Terkimbi ya same ni a gindin mangwaro ina jiran ɗan acaɓa. Ya ce matarsa ce ta tasa shi gaba, wata guda ba zaman lafiya a gidansa.

"Da ka zo ka gaya mini haka, wallahi da na janye da kaina," na ce. "Amma ka bar ni na sa tsohuwa ɗaure kaya."

"Wani gidan zai fito, Ngodoo."

"Malama za ka ce."

Na ƙarasa zangon a daddafe, sau biyu muna faɗuwa da babur a taɓo. Daga nan na nemi a mayar da ni wata ƙaramar makaranta a gefenmu, inda ba ko ɗakin karatu, aka kuwa amince nan da nan. Da kaka ta yi, Terkimbi ya aiko mana da doya goma ta hannun wani mai fito. Mama ta dube su ta ce ita ba ta ci. Na ce wa mai fiton ya kai wa iyalinsa.