Sarakuna Bakwai a Jikin Katanga

Gidan Magini yana gindin katangar, kusa da ita har idan matarsa za ta yi shanya, ɗaya bakin igiyar a jikin dutsenta take ɗaurewa. Katangar kuwa ba ta wasa ba ce. Tsayinta ya yi na mutum huɗu, tsawonta taku ɗari da arba'in, kuma ita ta tare tudun da tsohuwar fada take kai, ta hana shi gangarowa kan unguwa. Shekara ɗari huɗu ke nan tana wannan aiki, ba hutu ba ƙarin girma. A ƙasar nan duk abin da ka ga yana tsaye da ƙafarsa, to mutanen da ne suka gina shi, kama daga gadar dutse har rijiyoyin kasuwa. Na yanzu kuwa, kafin a kwashe kujerun bikin buɗewa fenti ya fara ɓarewa.

Magini shi ne mai kula da katangar a ƙarƙashin ofishin adana kayan tarihi. Aikin nasa ba na a-zo-a-gani ba ne. A jikinta akwai kafofi ashirin da takwas, ɗaya a kowane taku biyar, daidai ƙugun mutum, kowace ta isa a zura hannu. Idan ruwan sama ya jiƙa tudun, ta nan yake tsiyayewa. Kafin kowace damina Magini yakan bi su ɗaya bayan ɗaya da dogon ƙarfe, ya zaro ƙasa da sheƙar tsuntsu da ledoji. Ya san ranar da suka toshe ruwa zai taru a bayan duwatsun ya turo su, ya kuma san gidan da ya fi kusa. Gidan nan da hannunsa ya gina shi, ɗaki bayan ɗaki, shekara goma sha tara.

Daraktan ofishin ƙanensa ne, ciki ɗaya. A gida Auta ake ce masa. Tun da ya hau kujera wata cuta ta kama shi, cutar asali. Ya sa aka zana masa bishiyar dangi aka saka a gilashi, reshe kan reshe har ta kai ga sarki na uku na tsohuwar daula, wanda aka ce ya ci garuruwa arba'in. Magini ya taɓa tsayawa ya duba ta sama da ƙasa, bai ga kakansu ba. Kakan nasu mai jakuna ne, farar ƙasa yake kai wa magina, har ya mutu warin jaki bai bar rigarsa ba. Wataƙila jakunan ne suka cinye reshensa.

Ba taron da Darakta zai tashi ya yi magana bai ce ƙarfin ƙasar nan a yau daga jinin waɗancan sarakuna ya fito ba. Daga nan sai ya buga tebur ya ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Mutumin da ba ya iya hawa benen ofishinsa sai ya huta sau biyu a hanya, wai shi ne ɗan barewa.

To, sai aka ce Minista zai zo ya ga yadda ake tunawa da daula. Darakta ya kwana uku yana tunani, abin da bai saba ba, ya fito da shawara: a shafe katangar da siminti, ta yi sumul, a zana sarakuna bakwai na daular a jikinta, kowane da tsayin katangar. Mai zane ya zo ya duba, ya ce ba ya iya zana sarki da rami a cikinsa. Darakta ya ce a toshe ramukan.

Magini ya ji labari a bakin direban Darakta. Bai tsaya wanke hannu ba ya hau bene.

"Auta, an ce za ka toshe kafofin katanga."

Darakta ya kalli sakatarensa. Sakatare ya tattara takardu ya fita.

"Nan ofis ne, Yaya. Na sha gaya maka."

"Ofis ko ɗakin gyatuma, maganar ɗaya ce. Kafofin nan ta nan ruwa yake fita. Ka toshe su, katanga za ta yi ciki ta haihu a kanmu."

"Injiniya ya duba, ya sa hannu."

"Na ga lokacin da ya duba. Ko gilashin mota bai sauke ba."

Darakta ya gyara zama ya yi murmushin da yake yi wa 'yan jarida. "Matsalarku ke nan, ba ku san girman kakanninku ba. Baƙi suna zuwa suna ɗaukar hoton ramukan nan, su koma su ce mutanenmu ko bango ba su iya gamawa ba. Sarakunan da suka mallaki ƙasa daga tsauni har bakin teku, kana so ka ce mini katangarsu tana tsoron ruwan sama?"

"Su suna tsoronsa. Shi ya sa suka bar masa hanya."

"Kai dai ka tsufa da cokalin gini a hannu, ba ka taɓa buɗe littafin tarihi ba."

"Ban buɗe ba. Amma gidana ne a ƙasa, Auta. Gidan da ka zauna shekara shida kana karatu."

Darakta bai so a tuna masa wannan ba. Washegari takarda ta fito, an mayar da Magini sito, gadin tsintsiya da bokitai, wai don a rage masa wahala saboda shekaru.

Ɗan kwangila ya zo da leburorinsa. Suka cusa fasassun bulo da buhunan siminti a kafofin, suka bi da yaɓe. Magini yana kallo daga ƙofar gidansa, baƙin ciki kamar ya kashe shi. Ya je wajen mai unguwa, mai unguwa ya ce abin gwamnati sai gwamnati. Ya rubuta takarda zuwa ma'aikata, ma'aikata ta turo ta wajen Darakta don ya duba ya ba da shawara.

Aka zana sarakuna. Gaskiya mai zanen ya yi ƙoƙari, tunda ba wanda ya san kamanninsu. Kowane sarki ya rufe kafa huɗu. Na farko yana can ƙarshen gabas, saman makarantar firamare da layin gidajen haya. Na uku ya fito da hanci irin na Darakta sak, har da tabon da ke gefen girarsa. Na bakwai ya tsaya a kan gidan Magini da takobi a hannu, aka cire ƙusar igiyar shanya saboda ta faɗo a ƙafarsa. Matar Magini, wadda tela ce kuma ɗakin ɗinkinta shi ya fi kusa da katangar, ta ce ita dai ba ta ga abin da ta yi wa wannan bawan Allah ba da yake harararta tun safe har yamma.

Minista ya zo, ya tsaya minti ashirin. Darakta ya yi jawabi na minti arba'in, rabin farko ga Minista, rabin ƙarshe ga ƙurar motarsa. Ya ce al'ummar da ta san sarakunanta ba ta faɗuwa. Ya ce wannan katanga ita ce ƙashin bayan ƙasa. Aka tafa, aka raba lemo, kowa ya kama gabansa.

Damina ta faɗi da wuri. Makon farko ba a ga komai ba, har maƙwabta suka fara zolayar Magini, suna tambayarsa yaushe ne haihuwar. A mako na uku aka yi kwana biyu ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da gari ya waye rana ta uku, ana yayyafi, ya fita ya bi katangar da tafin hannunsa. Fenti ya yi ƙuraje. A wajen sarki na bakwai akwai tsaga siririya, farce ne kawai yake shiga. Ya ci gaba da tafiya gabas, inda ƙasa ta gangara. A wajen sarki na farko yatsunsa biyu suka shige cikin tsagar, kuma da ya ja baya ya duba ta gefe, ya ga katangar ta turo ciki. A ƙasa yara suna shiga aji da ledoji a ka.

Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, irin wanda bai taɓa ji ba ko a kan tsani. Ya shiga makarantar ya gaya wa shugabar ta sallami yara. Ya bi layin gidajen haya yana buga ƙofa. Sannan ya dawo gida ya ɗauki guduma da cizal na sassaƙar dutse da dogon ƙarfensa.

"Ki ɗauki abin da za ki iya, ki tafi gidan yayarki," ya ce wa matarsa.

Ta kalli gudumar, ta gane. "To ka fara ta nan, Malam. Ka fara ta wajenmu."

"Can ya fi turo ciki. Idan can ya tafi, zai ja sauran duka."

"Can ba gidanka ba ne."

"Zan iso. Kafin azahar na iso."

Ba ya bukatar ganin kafofin, ƙafarsa ta san inda suke. Ya ƙirga taku biyar daga ƙarshen gabas, ya kafa cizal a gwiwar sarki na farko. Aikin ɗan kwangila ne, bugu shida yaɓen ya faɗo. Ya zura ƙarfe ya zaro bulo da buhu, ruwa ya yi tsartuwa ja wur ya buge shi a ƙirji har ya zauna a ƙasa. Ya tashi ya ƙirga taku biyar.

Mutane suka taru da lema suna kallo. Ba wanda ya karɓi guduma ya taya shi, amma wayoyi sun yi aiki. Ya gama da na farko ya shiga na biyu. Da ya zo na uku, kafa ɗaya ta faɗo daidai tsakiyar rigar sarautar, ruwa ya riƙa zuba daga jikin mai garuruwa arba'in yadda yake zuba daga tsohon bokiti. Wasu suka yi dariya. Maigadin fada bai yi dariya ba, ya kira ofis.

Hannunsa ya fashe, kafaɗarsa ta mutu, amma ya wuce na huɗu. Yana buɗe kafar ƙarshe ta sarki na biyar motar 'yan sanda ta tsaya, motar Darakta a bayanta. Darakta ya fito, direba yana riƙe masa lema, yana ɗaga ƙafar wando kada taɓo ya taɓa shi.

"Saura takwas, Auta," in ji Magini. "Na shida da na bakwai. Ka bar ni in gama, sannan su tafi da ni duk inda kake so."

Darakta bai kalle shi ba. Sarki na uku yake kallo.

"Ka ga abin da ka yi wa kakanninmu?"

"Awa ɗaya kawai. Ka dubi ruwan da yake fita. Gidana ne ya rage, Auta. Don darajar gyatuma."

"Ku tafi da shi," in ji Darakta. "A ƙwace kayan aikin, shaida ne."

A wannan lokaci Magini ya tsani ƙanensa, tsana wadda bai san yana da ita ba. Ya roƙi masu kallo wani ya samo guduma, ya gaya musu taku biyar biyar ne, daidai ƙugu. Suka buɗe wa 'yan sanda hanya, kowa yana duban lemar ɗan'uwansa.

A ofishin 'yan sanda aka zaunar da shi a benci bayan kanta. Ruwa ya sake ɓarkewa da azahar. Wajen la'asar ƙasa ta yi wata girgiza har kofin da ke kan kanta ya motsa, ɗan sandan da ke rubutu ya ɗaga kai ya ce ko tsawa ce. Magini kuwa ya san tsawa, ya kuma san ƙarar dutse.

Ba a yi awa ɗaya ba muryar Darakta ta fito a rediyon da ke kan taga. Ya ce cikin alhini yake sanar da cewa wani ɓangare na katangar tarihi ya rushe, bayan wani tsohon ma'aikaci mai taɓin hankali ya huda ta a wurare ashirin. Ya ce duk da wannan ɓarna kashi biyar cikin bakwai yana nan daram, wanda ya nuna irin ƙarfin da muka gada. Ya ce da zarar ruwa ya ɗauke za a toshe ramukan a gyara zanen.

Kafin magariba matarsa ta shigo, zaninta ya jiƙe sharkaf, taɓo har gwiwa. Kan keken ɗinkinta ne a hannunta, naɗe da tawul. Ta ajiye shi a kan bencin tsakaninsu ta zauna.

"An rasa rai?" ya tambaya.

"Ba a rasa ba."

"Gidan fa?"

"Babu gida. Ko ƙofar ba a gani."

Ya sunkuyar da kai, ya daɗe yana kallon hannunsa da ya fashe. Sannan bakinsa ya kasa haƙuri.

"Na farko zuwa na biyar fa? Ba su motsa ba?"

Ta juyo ta kalle shi, kallon da ba ta taɓa yi masa ba a shekara talatin na aure.

"Suna nan tsaye, Malam," ta ce. "Idan an sake ka sai ka je ka kwana a gindinsu."

Ta ɗauki kan kekenta ta fita, ruwa bai tsaya ba.