Fiton Rabo

Da fito Rabo na Ruwan Godiya yake kiwo, ba da sanda ba. In ya tsuke baki ya ja fito, ko shanunsa na tsallaken rafi sai sun ɗago kai sun taho.

Da damina ɓarayi suka kore su. Ba a jima ba ya tashi wata safiya ɓarin fuskarsa na hagu ya saki. Ido ba ya rufuwa, in ya kurɓi koko sai ya zubo ta gefe. Goggo, ƙanwar babansa, ta leƙo ta ce, "Na sha hana ka fito da magariba. Ga shi nan aljanu sun mare ka."

Ƙanensa Jabiru ya kai shi asibiti a birni. Wata ma'aikaciya ta liƙa mashi wayoyi a kunci, ta murɗa na'ura. Lantarki ya dinga tsunkulinsa, kuncin na rawa, har bakin ya ɗan miƙe. Rabo ya yi maza ya hura. Fito ya fita, siriri kamar kukan ɗan tsako.

"Baba, mu kake kira?" ta ce tana dariya. "Jijiyar muke tasarwa. Sai ka yi ta zuwa, abin na watanni ne. Ta wani takan dawo, ta wani ba ta dawowa."

Tana kashe na'urar bakin ya koma gefe.

Ana haka aka ƙwato wasu shanu a daji, aka tara su a wani fili a Faskari. Ɓarayin sun yanke kunnuwan da ke da shaida, sai dattawa suka ce kowa ya kira nasa, wadda ta bi mutum tasa ce.

Rabo ya hango jar saniyarsa da ragowar garken, duk sun rame. Ya tsuke baki. Iska ta fice ta gefe haɗe da yawu. Ya tallafe kuncin da yatsa ya sake, ba abin da ya fito. Jabiru ya gwada nasa fiton, ko kai ba su ɗago ba.

"Malam Rabo, da ka taho da injin asibitin ai," in ji wani, aka yi dariya.

Wani baƙo ya matso yana kaɗa kwanon dusa. Jar saniyar ta bi shi, sauran suka bi ta. Dattawa suka dubi ƙasa, baƙon ya wuce da shanun.

A hanya Jabiru ya ce, "Yaya, jibi fa za mu koma asibiti."

Rabo ya share haɓarsa da bakin riga.

"In jijiyar ta dawo, wa zan kira?"